Ciwon da Rabi ta Kwaso a Wurin Aiki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar mana da wannan ciwo kuma ya ɗauke shi a lokacin da ya so. Ni malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. Na zauna rubuta wannan ne don duk mai mata ko ɗa ko ɗan'uwa da ke aikin asibiti ya san abin da ka iya biyo shi har gida, ya kuma san irin mutanen da zai tarar idan abin ya zo. Asibitocin da muka shiga ba zan faɗi sunansu ba, mutanen da suka ɓata mana rai kuma na sauya musu suna.

Maiɗakina Rabi ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ke kan hanyar Zurmi. Awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafin yara, wankin miki, duk suna wuyanta ita da abokiyar aikinta Luba. Sai shugabansu, Malam Isa, wanda kowa ke kira In-caji. Tun da rashin tsaro ya watsa ƙauyukan ciki, jama'a suka kwararo garin da asibitin yake, aiki ya yi musu yawa, kayan aiki kuwa ba su ƙaru ba. Kullum da safe ni ke kai ta bakin tasha a kan mashin, da yamma in je in ɗauko ta.

Watanni kafin ciwon, ta dawo wata rana tana ba ni labari cewa wasu mutane sun zo daga birni suna tambayar ma'aikata ko za su yarda a yi musu allurar rigakafin ƙyandar biri idan an kawo. Ba su zo da allurar ba, tambayar kaɗai suka kawo.

"Ni dai na ce su kawo, ga hannuna," in ji Rabi. "In-caji ya ce ba za a mai da shi zakaran gwajin dafi ba. Luba kuma wai hana haihuwa take yi."

Na ce, "Luba da ke yi ma ɗiyan mutane allura?"

"Ita hwa. Na ce mata, ke da bakinki kike ce ma matan ƙauye ƙarya ce in sunka faɗi haka. Sai ta ce waccan daban, wagga daban, kuma Allah ke tsarewa."

Muka yi dariya muka wuce wurin. Ni a lokacin ban ma san yadda ciwon yake ba.

Rabi na da ciki wata biyar lokacin da aka kawo musu wata mata mai naƙuda daga cikin waɗanda suka yi gudun hijira. Fuskar matar da hannuwanta da cinyoyinta duk ƙuraje ne manya, wasu sun fashe suna tsatsar ruwa. In-caji ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce ƙarambau ne, ya koma ofis. Luba ta ce za ta je ta yi salla, ba ta dawo ba sai da aka ji kukan jariri. Safar hannu guda ta rage a asibitin, ita ma ta yage tun kafin kan jaririn ya fito. Rabi ta karɓi haihuwar, ta gyara uwar, ta wanke hannu da sabulu, ta dawo gida ta dafa mana tuwo.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai da ciwon baya mai hana zama. Muka ce cizon sauro ne, ta sha magani. Bai sauka ba. Mai kemis na unguwarmu ya ce taifot ne, ya ba da wani. Sai kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata da matsematsi, kowace kamar ƙwan zabo. Da safe ina shirin makaranta ta kira ni, ta buɗe mini tafin hannunta. Ɗigo-ɗigo ne ja, da wasu a goshi da gefen baki.

"Malam, ka kwashe yaran ga daga gidan ga yau," ta ce. "Irin na matar nan na."

Na kai 'yarmu Ummi da ƙanenta wurin ƙanwata a Kasuwar Daji. Na dawo na tarar tana waya da In-caji, ta buɗe muryar don in ji.

"Sista Rabi, ƙarambau na, ki kwanta gida ki sha farasitamol," yake cewa. "Kada ki je kina kiran sunan wanga ciwo, a zo a rufe muna asibiti, a ce mun yi sakaci. Kin ji ko?"

Bai tambaye ta cikin da ke jikinta ba, alhali shi ya sa mata hannu a hutun awo.

Zuwa ƙarshen makon ƙurajen sun cika sun tashi, kowane da ɗan rami a tsakiya, sun bazu har tafin ƙafa da cikin baki. Ba ta iya taka ƙasa. Masu keke napep biyu na tsayar, da suka ga fuskarta suka ja abinsu. Na uku, wani dattijo mai suna Malam Audu, ya dube ta ya ce, "Sannu baiwar Allah," ya shimfiɗa leda a kujera ya ce mu shiga. Har yau in na gan shi a bakin kasuwar hatsi sai na sauka daga mashin na gaishe shi.

A asibitin da muka je, layin kati ya kai bakin ƙofa. Na zaunar da ita a benci, kafin in juyo bencin ya zama nata ita kaɗai. Mutanen gari ban ga laifinsu ba. Amma mai ba da kati da bakin biro ya turo mini katin har ya faɗi ƙasa. Wata nas ta fito ta tsaya nesa tana toshe hanci da gefen hijabi, tana tambaya da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wa ya shigo da wannan nan? Ina tac ci naman biri?" Rabi ta ɗaga kai ta gaya mata sunanta da inda take aiki, ta ce a bakin aiki ta samu. Nas ɗin ta ce, "To ai ke ya kamata ki hi kowa sanin ba a kawo irin wannan cikin mutane." Ina za a kai shi, ba ta faɗa ba.

Muna nan tun hantsi har rana ta karkata, sannan wani likita ya fito daga tiyata aka gaya masa. Saurayi ne siriri, da alamar gajiya a idonsa. Ya sa safar hannu da takunkumi, ya durƙusa a gaban bencin, ya kama hannunta ya juya, ya taɓa wuyanta, ya sa abin saurare a cikinta. Shi ne mutum na farko mai farar riga da ya taɓa ta tun da ta kwanta. Maganarsa ta zauna mini a kai har yau.

"Malam, wannan ciwon taɓawa yake bi. Ruwan ƙurjin da kayan da ta kwanta a kai, su za ka kiyaye. Kada kowa ya fasa mata ko guda. Kada hannunta ya kai ido."

Sai ya tambaya ko an taɓa yi mata rigakafin. Na ce an dai zo an tambaye su. Yana cire safar ya ce, "Mu ma tambayar muka samu." Ya ɗebi ruwan ƙurjin ya ce za a aika gwaji, ya ce a killace ta.

Ɗakin da aka killace ta tsohon sito ne a bayan asibitin, kusa da inda ake ƙona shara. An ture karyayyun gadaje gefe guda an bar mata ɗaya. Tagar ba ta da raga. Ni na share kashin ɓera, ni na sayo gidan sauro da bokiti da bilic. Safar hannu, ƙarin ruwa, auduga, maganin ciwo, komai sai na fita waje na sayo. Geron da muka ajiye na cin shekara a nan ya tafi, da tumakin Rabi. Hedimasta ya aiko mini cewa in huta a gida har abin ya wuce, iyayen yara sun fara magana.

Mako na biyu shi ne na ƙazanta, kuma zan faɗe shi yadda yake don kada wani ya ɗauka ƙananan ƙuraje ne. Ƙurajen suka juye mugunya, suka riƙa haɗewa suna fashewa. Zanin gado ya manne a bayanta, sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya saki, in ya saki kuma da fata yake tahowa. Warin ɗakin irin na naman da ya kwana a leda ne, ya kama mini riga da gemu, ko na yi wanka ina jin sa a cikin abinci. Ƙuda suka gano mu. Na cikin baki da makogwaro suka hana ta haɗiyar yawu, sai in riƙa ɗiga mata koko mai ruwa da cokali tana hawaye. Fitsari ma da kuka take yin sa, don har can ƙurajen sun kai. Sau da yawa nakan fita bayan ɗakin in yi amai, in kurkure baki, in gyara fuska in koma, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Nas-nas ɗin da ke duti a bakin taga suke tsayawa. Su ajiye magani a kan dutse su ƙwanƙwasa su tafi. In ƙarin ruwa ya ƙare, Rabi ce ke gaya mini yadda zan rufe shi, da muryar da ba ta fita. In jijiya ta toshe, sai mu jira likitan nan ya samu sarari, ko mu jira Hajiya Kulu.

Hajiya Kulu dattijuwar nas ce da ta kusa ritaya, mai ƙiba da ciwon gwiwa. Ita kaɗai ke shigowa ciki. Takan sa safar hannu biyu, ta ɗaura leda a kan rigarta, ta ja kujera ta zauna ta wanke mikin ɗaya bayan ɗaya tana yi wa Rabi hirar jikokinta. Na taɓa tambayarta ko ba ta tsoro. Ta ɗage hannun riga ta nuna mini tabon lambar rigakafi a damtsenta, ta ce tun tana ƙarama aka yi mata ta agana, an ce tana ɗan taimakawa. "In an kawo sabuwar ma ina so," ta ce. "Tsoro kam ina ji, Malam. To a bar ta ta ruɓe?" Allah ya saka wa matar nan da Aljanna.

Wata rana ina wanke zannuwa a famfon bayan ɗakin, na ji nas biyu suna hira a inuwa. Ɗaya na cewa an ce za a kawo allurar ma'aikata. Ɗayar, wadda ta tarbe mu ran farko, ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta karɓa, ba ta san abin da aka zuba ciki ba, kuma abin da Allah ya rubuta ba allurar da ke hana shi. Na tsaya da zanin matata a hannu yana ɗigar mugunya ina kallonta. Ban taɓa ganin laifin mai tsoro ba, don ni ma da tsoron nake kwana. Wanda aka tura aiki ba safa ba takunkumi yana da hujjar ja da baya. Amma mutum ya ce ba ya son rigakafi saboda ya dogara ga Allah, sannan dogaron nan ya kasa kai shi taku uku zuwa gadon mara lafiya, wannan shi ne abin da ya fi warin ɗakin tayar mini da zuciya.

'Yan'uwa ma sun kawo nasu. Yayana ya kira ni ya ce in mai da ta gidansu ta yi jinya can, namiji ba ya wankin miki, kuma in yi tunanin kaina. Wani kawun Rabi ya aiko daga Shinkafi cewa sammu ne abokan aiki suka yi mata, a kawo ta wurin wani mutum. Wata gwaggo ta ce a shafa kananzir, wata ta ce kada ruwa ya taɓa ta sai ƙurajen sun bushe. A unguwa kuma labari ya zaga cewa ciwon na masu bin maza ne, wani ya ji a waya. Ana faɗin haka a kan matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layinmu. Ummi ta bugo mini daga Kasuwar Daji tana kuka, wai yara sun ce uwarta ta koma biri.

Sai Inna, mahaifiyar Rabi, ta iso daga Katuru da ƙullin ganyen sabara da dogon yaro da toka da man shanu. Ban taɓa ɗaga ido na kalli Inna ba tun da na auri 'yarta, amma ran nan na tsaya a ƙofa na ce likita ya hana a shafa komai.

"Malam, da wanga muka yi jinyar agana tun ba a haife ka ba," ta ce.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Addu'a da rubutu duk ki ba ta. Toka dai a bari."

Ta daɗe tana kallon 'yarta daga bakin ƙofa. Sannan ta ajiye ƙullin a ƙasa, ta miƙo mini hannuwanta ta ce in sa mata irin abin da nake sawa. Daga ranar ita ke wanke mata inda Rabi ke jin nauyin in gani, ita ke riƙe mata hannu in barci ya ɗauke ta don kada ta sosa. Duk da haka ƙurji ya fito a gefen idon hagu, ya shiga ciki. Idon ya yi ja ya kumbura ya rufe. Likita ya rubuta maganin ɗigawa, sai a Gusau aka samo shi.

A mako na uku zazzaɓi ya fara sauka, har na fara cewa mun tsallake. Sai Rabi ta ce mini tun jiya ba ta ji motsin ɗan ba. Bayan azahar ciwon mara ya taso, jini ya biyo. Ta san abin da ke faruwa fiye da kowa a asibitin. Ta ce, "Malam, je ka kira ungozoma."

Na ruga ɗakin haihuwa. Suka ce ba za a shigo da ita nan ba saboda sauran mata, na ce na yarda, to wata ta zo. Suka dubi juna. Ɗaya ta ce ba ta iya barin ɗaki, ga su su uku a zaune, gado ɗaya kaɗai ke da mai naƙuda. Ɗaya ta ce, "Malam, mu ma muna da ɗiya a gida." Na ce Rabi ma tana da su, kuma irin aikinku ne ya kwantar da ita. Likita na cikin tiyata. Hajiya Kulu ba ta shigo ba tukuna. Daga ƙarshe ɗaya ta biyo ni, ta tsaya a taga tana cewa Inna ta danna nan, ta ja can.

Rabi ce ta karɓi ɓarin kanta. Tana kwance cikin jini, ido ɗaya a rufe, tana gaya wa uwarta inda za ta sa hannu da abin da za ta duba. Wani leburan asibitin ya hau keke ya je gidan Hajiya Kulu, ta zo da zanin gida a jikinta tana ɗingishi, ta fitar da mabiyiya, ta tsai da jinin, ta sa ƙarin ruwa. Likita ya ce mini daga baya da an ƙara jinkiri da ba ɗan kaɗai za mu rasa ba.

Namiji ne. Inna ta naɗe shi a farin ƙyalle ta miƙo mini. Na buɗe na duba, har shi ma da ɗigo-ɗigon a jikinsa, a ƙirji da tafin hannu. Ni da maƙwabcina Malam Sani muka kai shi maƙabarta kafin magariba. Malam Sani bai tambaye ni ko ana ɗauka ba, ya karɓe shi da hannu biyu ya sa a ramin.

Bayan wannan Rabi ta daina magana na wani lokaci. Jikin kuwa ya ci gaba da warkewa kamar ba abin da ya faru. Ƙurajen suka bushe suka yi ɓawo baƙi, suka riƙa zubowa a gado kamar ƙaiƙayi, ina sharewa ina ƙonawa. Likita ya ce ba za ta fita ba sai ɓawo na ƙarshe ya faɗi sabuwar fata ta fito. Idon ya buɗe da hakiya a tsakiya, haske da inuwa kawai take gani da shi. Fuskarta ta cika da tabo mai rami. Ranar da ta nemi madubi Inna ta ce ba mu da shi, sai Rabi ta ɗauki wayata ta duba, ta ajiye, ta ce a ba ta koko.

Sakamakon gwajin ya iso bayan mun koma gida har yaran sun dawo. Ya tabbatar da abin da ita ta gane tun ran farko, ƙyandar biri ce. Wasu jami'ai suka zo suka tambayi waɗanda suka taɓa ta, suka duba ni da Inna, Allah ya tsare mu ba wanda ya kamu. Matar nan mai naƙuda kuwa ba a gano inda ta koma ba, ko tana raye ita da jaririnta.

Duk tsawon jinyar, daga asibitin da Rabi ke aiki ba wanda ya leƙo. Sai da suka ji an sallame ta da kusan wata, In-caji da Luba suka zo gaisuwa da ledar lemo. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, suka ja ta baya. Ummi ta kawo ruwa, ba wanda ya sha. Luba ta kasa kallon fuskar Rabi, ta yi ta kallon kaji. Bayan an yi sannu da jiki da Allah ya mayar da alheri, In-caji ya gyara murya.

"Sista Rabi, in mutanen nan sunka sake zuwa, ba sai kin ce a wurinmu kika samu ba. Ai ba a da tabbas. Kina shiga mota, kina shiga kasuwa."

Rabi ta ce, "Na riga na hwaɗa musu gaskiya, Malam Isa."

Ya ɗan ɓata fuska, sannan ya saki. "To shi ke nan. Yaushe za ki dawo? Aiki ya yi muna yawa. Kuma mun yi shawara, tunda an ce wanda ya yi shi ba ya saurin sake yi, duk mai ƙuraje da anka kawo ke za ki riƙa gani. Mun ware miki ɗakin baya."

Na ce, "Ku kuma fa? In an kawo allurar yanzu za ku karɓa?"

Luba ta ce ita har yanzu tana tunani, maigidanta bai yarda ba. In-caji ya yi dariya ya ce, "Mu dai a bar mu. Ita Sista Rabi ai ta huta, ta riga ta yi tata allurar."

Ya faɗi haka a tsakar gidana, a gaban matar da ta binne ɗa ta rasa ido. Na miƙe na naɗe gefen tabarmar da ba kowa a kai, suka gane, suka yi sallama.

Na so ta bar aikin. Na ce mata ko ɗinki ne ta koya, ko ta buɗe ɗan shago a zaure, ba za mu mutu da yunwa ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce matan da ke zuwa ɗakin bayan nan ba su yi mata komai ba, kuma in ta bari ta san abin da zai same su, don ta kwanta a irin ɗakin. Ban ce ta yi daidai ba, har yanzu ban ce ba. Na dai ci gaba da kai ta tasha. Kwalin safar hannu da takunkumi yanzu a cikin jakarta suke, daga albashinmu muke saya. Wasu matan suna ganin tabon fuskarta su janye jaririnsu su nemi Luba.

Ga mai karatu, abin da na koya kaɗan ne. Zazzaɓi da kaluluwa da ƙuraje har tafin hannu da ƙafa, kada a tsaya wurin mai kemis, kada a fasa, kada a shafa toka, a raba shimfiɗa, a kwashe yara, a je asibiti ko da za a wulaƙanta ku a ƙofa, don a ciki akwai irin likitan nan da irin Hajiya Kulu. Mai ciki kuma kada a jira ko kaɗan. Masu iko su kawo allurar da kayan aiki, tambaya ta isa haka. Ma'aikacin da aka kawo wa ya karɓa, in ba don kansa ba, don ya iya shiga ɗakin da aka ɗauke shi aiki ya shiga. Har ranar da nake wannan rubutu allurar ba ta iso asibitinsu ba.

Rabi ta ce ta yafe musu, ta kuma roƙe ni in riƙa amsa gaisuwarsu don tare suke aiki. Ina ƙoƙari. Ran Juma'ar da ta wuce na haɗu da In-caji a bakin kasuwar Ƙaura bayan an sauko daga masallaci. Ya taho da fara'a yana tambayar iyali, ya miƙo mini hannu. Na amsa sallamarsa cikakkiya, na ce iyali lafiya lau. Hannuwana biyu suna kan mashin, a nan na bar su har ya gaji ya mai da nasa aljihu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan ɗan da ba mu kai ga raɗa wa suna ba.